KU DAINA FAKEWA DA KABARIN ƊANMASANI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai hisabi a kan shugaba da wanda ake shugabanta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan wata mun ga ya wajaba mu taɓa wata magana wadda da yawa suke jin nauyin taɓawa, domin ta shafi mutumin da Kanawa suke ƙauna, wanda kuma ya riga mu gidan gaskiya. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma shirun da muka daɗe muna yi ya fara zama ɓarna a cikin gidanmu.

Duk wanda yake zama a majalisun Rogo Sabon Gari bayan sallar Isha, ko yake halartar ɗaurin aure da zaman makoki tun daga Zarewa har Ƙaraye, ya san akwai wani suna da ba ya faɗuwa daga bakin masu neman kujera, wato sunan Marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano. Ɗan takara zai miƙe ya gyara babbar riga, ya sassauta murya, ya ce shi a makarantar Ɗanmasani ya yi karatun siyasa, ya ja zancen adalci har mutane su yi ta gyaɗa kai, sannan yaransa su bi layi suna raba taliya da sabulu. Matasa kuma suna ta tura wa juna jawaban marigayin a waya, suna sauraro suna hawaye.

Da a nan abin ya tsaya da bai dame mu ba, domin mun saba ganin 'yan siyasa suna aron rigar matattu. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne yadda wasu daga cikin 'yan'uwanmu, waɗanda muke zama da su a darasi ɗaya, suka fara kawo mana sunan Ɗanmasani a matsayin hujja. Suna cewa ai babu laifi mutum ya shiga kowace tafiya, ya bi kowane ubangida, muddin ya tsare hannunsa daga haram kuma ya riƙa faɗin gaskiya. Ga Ɗanmasani nan, ya yi shekaru aru-aru a cikin gwamnati ya fita da mutuncinsa. Da wannan magana ake jan limamai zuwa gidajen masu mulki, da ita ake mai da ɗaliban ilimi 'yan rakiya.

Amsarmu ga ɓangarorin nan biyu ɗaya ce: ku daina fakewa da guzuma kuna harbin karsana. Rayuwar Ɗanmasani, idan aka karanta ta tun daga farko har ƙarshe ba tare da an tsallake shafi ba, hujja ce a kanku gaba ɗaya. Tana tona asirin ɗan takarar da yake aron sunansa alhali hannunsa dumu-dumu yake da dukiyar jama'a, tana kuma rushe mafarkin ɗan'uwan da yake zaton nagartar mutum guda za ta iya daidaita tafiyar da aka gina a karkace.

WANE NE ƊANMASANI?

An haife shi a birnin Kano a 1929, a unguwar Yola. Ba ɗan sarki ba ne, ba kuma ɗan attajiri ba. Mahaifinsa bara ne a gidan Madakin Kano, kuma shi da kansa bai taɓa ɓoye wannan asali ba, yakan faɗe shi a bainar jama'a babu kunya babu ƙyashi. Ta hannun wannan gida ya shiga makarantar boko, ya yi Elamantare ta Shahuci, ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna wadda daga baya aka sani da Barewa, sannan ya dawo ya koyar a Midil ɗin da ta yaye shi. Allah Ya hore masa harshe irin wanda ba a cika samun kamarsa ba. Ko da Hausa ya yi magana ko da Turanci, sai ka ga majalisa ta yi tsit kamar ruwa ya cinye ta.

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka taru a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, kuma sunan Maitama Sule yana cikin waɗanda ake lissafawa, tare da irin su Abba Maikwaru, Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Yaran yanzu ba su san abin da ya tunzura waɗannan matasa ba, amma dattawan ƙasar Ƙaraye, wadda Rogo take cikinta a wancan zamani, sun sani, domin a jikin iyayensu aka rubuta labarin. Zamani ne na En'e, lokacin da Bature yake mulki ta hannun sarki, sarki ta hannun hakimi, hakimi ta hannun dagaci, nauyin duka kuma ya sauka a wuyan manomi. Ga haraji, ga jangali, ga aikin tilas, ga gaisuwar da ba a shiga gaban mai mulki sai da ita. Wanda ya kasa biyan haraji a shanya shi a rana, wanda ya ɗaga murya ɗan doka ya tasa ƙeyarsa zuwa gaban alƙali. Wani sashe na waɗannan abubuwa, kamar jangali da gaisuwa, su ne ainihin waɗanda Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa a Kitabul Farƙi cikin alamomin mulkin zalunci da ya yaƙa. Ga shi sun dawo da rawaninsu a ƙasar da aka yi jihadi domin kawar da su.

Wannan shi ne abin da saurayi Maitama ya gani da idonsa har ya sa hannu a kafa jam'iyyar neman sawaba. Amma bai daɗe a can ba. Ya tsallaka zuwa NPC, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, wadda sarakuna da manyan ma'aikatan En'e suke riƙe da ragamarta. A zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya na 1954, wanda a Arewa aka yi shi hawa-hawa maimakon ƙuri'ar kai tsaye, shi NPC ta tsayar a Kano, ya kuma kayar da Malam Aminu Kano. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ya naɗa shi Ɗanmasani.

Ba mu shiga zuciyarsa ba, ba kuma za mu yi masa zaton da Allah Ya hana ba. Mai yiwuwa ya ga cewa daga ciki gyara zai fi sauƙi, kamar yadda 'yan'uwanmu suke gani a yau. Ba kuma muna cewa 'yan NEPU mala'iku ne ba. Suna da nasu kurakuran. Abin da muke cewa shi ne, a shekarun da suka biyo baya, lokacin da ake ɗaure 'yan adawa a kotunan En'e bisa laifin taro ba izini ko zagin mai sarauta, lokacin da 'yan daba da aka sani da Mahaukata suke farautar 'yan NEPU a titunan Kano, mafi daɗin murya da tsarin nan yake da ita a Kano ita ce ta tsohon ɗan NEPU. Tsarin ya sami ɗan talaka mai fasaha da zai nuna wa duniya ya ce, ku duba, ƙofarmu a buɗe take. Haraji da jangali kuwa suna nan daram, ba su gusa ba sai a 1979, kuma ba jam'iyyarsa ce ta soke su a Kano ba, gwamnatin PRP ce ta Muhammadu Abubakar Rimi. Shekara 25 ke nan bayan shigarsa majalisa. Wannan shi ne darasi na farko ga mai cewa zai shiga ya gyara daga ciki.

MINISTAN MAI DA WUTA

A 1959, yana da kimanin shekara 30, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ba shi Ma'aikatar Ma'adinai da Wutar Lantarki, ya riƙe ta har zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Ku lura da wannan kujera da kyau. An gano man fetur a Oloibiri a 1956, an fara fitar da shi waje a 1958. Ke nan Maitama Sule ne ministan da ya riƙe arzikin man Nijeriya tun yana jariri. A zamaninsa aka fara aikin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kuma buɗe matatar mai ta Fatakwal a 1965.

A nan wajibi ne mu yi masa adalci, domin Musulmi ba ya tauye haƙƙin kowa don ya ci gardama. Shaidar da masoya da 'yan adawa suka haɗu a kanta ita ce mutumin nan bai tara dukiya ba. Ba a san shi da rijiyar mai ba, ba a san shi da jerin gidaje a Landan ba, ba a san shi da kamfanin da yake karɓar kwangila da sunan ƙani ko suruki ba. Ya riƙe maɓallin taska fiye da shekara shida ya fito hannunsa a bushe. Wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma muna roƙon Allah Ya sanya masa shi a mizani.

To, ku masu aron sunansa, ku matso kusa. Wane ne a cikinku ya riƙe ko da kujerar kansila ta shekara uku ya fito kamar yadda ya shiga? Wanda muka sani jiya yana hawa babur na aro, yau ga shi da gidan sama a Kano, da gidan mai a bakin titi, da gonar da ya saye daga hannun marayu, da wane baki yake ambaton Ɗanmasani? Kun ɗauki muryarsa kun bar hannunsa. Sayyidina Umar (R.A.) ya kasance yana rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar da ya naɗa shi, idan ya ga dukiya ta ƙaru fiye da ƙima sai ya raba ta ya mai da wani kaso baitulmali. Idan da gaske ku almajiran Ɗanmasani ne, ku tsaya a gaban jama'ar mazaɓarku ku faɗi abin da kuka mallaka kafin ku hau da abin da kuka mallaka yanzu. Gani ya kori ji.

Amma adalcin da ya sa muka yabe shi, shi ne kuma zai sa mu tambaya: tsarkin hannun minista guda ya tsarkake gwamnatin? Gwamnatin NPC ta Jihar Arewa, wadda take iƙirarin ita ce garkuwar sarauta, ta sa aka binciki kuɗin En'e ta Kano, a 1963 ta tilasta wa Sarki Sanusi yin murabus, aka kai shi Azare. Wato uban gidan da ya naɗa wa Ɗanmasani rawani, jam'iyyar Ɗanmasani ce ta raba shi da karaga. Mutanen Ƙaraye ba sa bukatar a yi musu dogon sharhi a kan wannan, su da suka ga an ɗaga masarautarsu zuwa daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, aka sake dawo da ita a daraja ta biyu cikin watanni biyu. Ɗan siyasa ba ya riƙon sarauta don Allah. Yana riƙe da ita ne muddin tana kawo ƙuri'a. Sai kuma zaɓen tarayya na 1964, wanda aka bayyana 'yan takarar NPC da dama a Arewa sun ci ba hamayya, 'yan adawa suna kukan an hana su ko da miƙa takardun tsayawa, har suka ƙaurace wa zaɓen. Ba mu yarda da kisan gillar da sojoji suka yi wa Tafawa Ɓalewa da Sardauna da sauransu a 1966 ba, ta'addanci ne kuma Allah zai yi hisabi a kansa. Amma wanda ya ce jamhuriyar nan lafiya lau take har ranar da aka kashe ta, bai faɗa wa matasa gaskiya ba.

INDA AKE BUKATAR BAKI

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo. A 1976 aka ba shi shugabancin Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a ta Tarayya, shi ne na farko da ya riƙe ta. A ƙarshen 1978 ya nemi jam'iyyar NPN, magajiyar NPC, ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. A babban taron da aka yi a Legas ya zo na biyu a bayan Alhaji Shehu Shagari, ya kuma sallama ba tare da tayar da ƙura ba. A zaɓen 1979 Kanawa suka juya wa jam'iyyar tasa baya suka bi PRP ta Malam Aminu Kano, har Shagari ya kasa samun kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un jihar, ya tsaya a ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin ɗari. A kan ƙuri'un Kano ɗin nan, waɗanda na iyayenmu na Rogo da Ƙaraye suke ciki, aka yi shari'ar nan ta sha biyu da biyu bisa uku, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a Satumban 1979 ta tabbatar wa Shagari kujera.

Gwamnatin Shagari ta tura shi Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin wakilin Nijeriya, inda daga 1981 zuwa 1983 ya shugabanci kwamitin musamman na yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Aiki ne mai daraja, ya kuma yi shi da kyau. Sai dai a gida, gwamnatin da yake wakilta ita ce wadda 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman Bakolori wuta a ƙarƙashinta a Afrilun 1980, don sun nemi diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta cinye. Ita ce gwamnatin da aka mai da lasisin shigo da shinkafa ganimar 'yan jam'iyya a zamaninta, har kuɗin mai ya faɗi, aka ƙaƙaba wa talaka tsuke bakin aljihu a 1982. Ana kuka da zaluncin farar fata a birnin New York da Turanci mai daɗi, manomin Talatar Mafara kuwa yana binne 'yan'uwansa.

Bayan zaɓen 1983, wanda ya sha zargin maguɗi, Shagari ya dawo da shi gida ya ba shi wata sabuwar ma'aikata ta shiryar da al'umma, domin ya jagoranci abin da aka kira juyin gyaran ɗabi'u. Ku duba wannan abin mamaki! Gwamnatin da ɗabi'un manyanta suka zama abin magana a duniya, ita ce ta buɗe ofis domin koya wa talaka ɗa'a, ta kuma nemo mafi tsarkin suna a cikinta ta ɗora a ƙofar ofishin. Ma'aikatar ba ta yi wata uku ba, sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba 1983.

Yanzu ku jera kujerun nan ku dube su. Hukumar koke-koke tana sauraro ta ba da shawara, ba ta da ikon tilastawa. Majalisar Ɗinkin Duniya dandalin jawabi ne. Ma'aikatar shiryarwa mumbari ne ba tare da bulala ba. Kujera guda da take da cikakken iko, wadda ya nema a 1978, ita ce aka hana shi. Wato tsarin ya san darajar mutumin kirki sarai: yana ajiye shi a inda ake bukatar baki, yana nisanta shi daga inda ake bukatar hannu. Haka ake yi da turare, ana kunna shi ne a ɗakin da yake wari, ba don a share ɗakin ba.

Ya ƙarasa rayuwarsa idanunsa sun tafi amma harshensa yana nan, yana yawo daga taro zuwa taro yana kiran shugabanni zuwa ga adalci. A 2015 ya jagoranci dattawan Arewa zuwa wurin Muhammadu Buhari bayan ya ci zaɓe, ya yi masa nasiha a kan yin adalci ga kowa ba tare da duban addini ko ƙabila ba. An tafa, an yi hawaye, an watse. Ya rasu a Alƙahira ranar 3 ga Yuli 2017, aka kawo shi Kano aka binne. A shekarar gwamnatin jiha ta sa wa Jami'ar Northwest sunansa, daga baya wata gwamnatin ta mai da wa jami'ar sunanta na farko, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta liƙa sunan nasa a Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Kano. Suna yana ta yawo daga allo zuwa allo, nasihar kuwa ba ta sami masauki ba.

SHUBUHOHI UKU

Mun san abin da za a ce, don haka bari mu amsa tun kafin a faɗa.

Na farko, za a ce an hana zagin matattu. Haƙiƙa an hana, kuma duk wanda ya karanta abin da ya gabata ya san ba mu zagi kowa ba. Amma auna aikin shugaba daban, zagi daban. Malaman hadisi sun kafa fanni sukutum na jarhu da ta'adili, suna auna mutanen da suka daɗe a kabari, suna cewa wane amintacce ne, wane mutumin kirki ne amma haddarsa tana da rauni, ba don ƙiyayya ba sai don kada a gina addini a kan tubalin toka. Wanda ya riƙe al'amarin jama'a, tarihinsa dukiyar jama'a ce. Masu hana a auna shugabannin jiya, so suke kada a saba da auna na yau.

Na biyu, za a kawo mana ƙissar Annabi Yusuf (A.S.), a ce ai shi ma ya karɓi muƙami a ƙarƙashin sarkin da ba ya kan addininsa. Madalla da wannan misali, mun karɓa. Amma ku karanta ƙissar har ƙarshe. Annabi Yusuf taskokin ƙasa ya nema, aka kuma sakar masa su gaba ɗaya yana zartar da abin da ya ga dama, sakamakon aikinsa kuwa da mudu aka auna shi: shekarun fari suka zo, rumbuna a cike, mutane suka rayu. Bai karɓi kujerar yi wa fada kwalliya ba. Ɗan'uwan da aka ba shi muƙamin mai ba da shawara a kan harkokin addini, aka ba shi mota da kujerar Hajji, aikinsa buɗe taro da addu'a da rufe shi da addu'a, wace taska aka ba shi? Hatsi buhu nawa ya kai Gwangwan ko Ruwan Bago? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mun ga masu askin a kan mumbari.

Na uku, za a ce idan nagari suka ƙi shiga, miyagu za su cika wurin. Mu ba mu ce a naɗe hannu a bar wa ɓarayi gari ba. Cewa muka yi shigar mutum guda, ba jama'a a bayansa, ba sharaɗi a hannunsa, ba ranar da ya yanke zai ajiye idan aka ƙetare iyaka, ba ta canza komai sai shi kansa. Idan mutum mai baiwar Ɗanmasani da tsarkin hannunsa ya yi kusan shekara 30 yana shiga yana fita bai karya tsarin ba, kai wane ne? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kuma a daina yaudararmu da karin maganar nan ta cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Da ita aka wanke Shagari, da ita aka wanke waɗanda suka biyo bayansa. A shari'a makiyayi shi ake tambaya a kan garkensa, kuma wanda ya zaɓi bafaden shi ne mai laifin farko.

Akwai kuma laifin da yake namu, mu masu sauraro. Manzon Allah (S.A.W.) ya kwatanta wani nau'i na fasahar magana da sihiri, Alƙur'ani kuma a Suratus Saffi ya yi kakkausan zargi ga masu faɗin abin da ba sa aikatawa. Mun zama al'ummar da jawabi yake ƙosar da ita. Mukan ji magana mai daɗi a kan adalci sai mu ji kamar an yi adalcin. Manomin raken Rogo da yake sayen fetur na injin ban-ruwa da tsadar da ta ninka tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, matar da take naƙuda a asibitin da babu wuta, yaron da yake zaune a ƙasa a ajin da rufinsa ya yaye, babu ɗayansu da jawabi ya taɓa yi wa magani. Fiye da shekara 60 bayan ɗan Kano ya riƙe ma'aikatar mai da wuta, ku tambayi kanku kwana nawa kuke yi ba ku ga wutar ba.

ABIN DA YA RAGE A KANMU

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa a Rogo, Ƙaraye da kewaye da su riƙe waɗannan abubuwa:

1. Mumbari amana ne. Kada limami ko mai wa'azi ya karɓi ambulan ɗan takara, kada kuma a bar kowa ya mai da masallaci ko makarantar Islamiyya dandalin kamfe, ko da ya yi alkawarin rufin kwano da injin wuta.

2. Kada ɗalibinmu ya zama ɗan jagaliya ko ɗan rakiyar kowa. Wanda yake ganin yana da abin da zai bayar a siyasa, ya zo a zauna da shi a gaban malamai da dattawa, a rubuta abin da zai je yi da abin da zai sa ya ajiye, a kuma riƙa kiransa yana ba da bayani.

3. A kowace mazaɓa cikin mazaɓu goma na Rogo, a sami mutane amintattu masu iya karatu da lissafi da za su riƙa bin diddigin kuɗin ƙaramar hukuma. Ana buga kason kowace ƙaramar hukuma duk wata, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. A tambaya cikin ladabi, a rubuce: nawa ya shigo, ina ya tafi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma tambayar mutum ɗari ba a share ta.

4. Duk ɗan takarar da ya ambaci Ɗanmasani a gabanku, ku ce masa madalla, sannan ku nemi ya nuna hannunsa. Idan ya fusata, kun sami amsarku.

Wanda yake ƙaunar Ɗanmasani da gaske, ya yi masa addu'a, ya gaji tsarkin hannunsa, ya kuma ɗauki darasi daga abin da ya gagare shi. Wanda kuwa yake haƙa kabarinsa duk kakar zaɓe don ya sami abin rufe tsiraicinsa, ya ji tsoron ranar da za a rufe bakuna, gaɓoɓi su yi magana.

Allah Ya jiƙan Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ya karɓi kyawawan ayyukansa, Ya yafe masa kurakuransa, mu ma Ya yafe mana namu. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, Ya kuma ba mu shugabanni masu jin tsoronSa da tausayin bayinSa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.